Ruwan Zafi A Famfo: Lissafin Da Ke Jiran Masu Gidaje A Federal Low-Cost Ta Gombe

GOMBE — Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa tana lulluɓe birnin Gombe da hazo, aikin farko da ake yi a mafi yawan gidaje bayan kiran assalatu shi ne ɗora ruwa a wuta. A wasu darare sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, ruwan da ya kwana a tanki kuwa ba ya taɓuwa, balle a zuba wa yaron da ake shiryawa makaranta. Gawayi da itace da gas, da kuma 'yar hitar nan da ake tsomawa a bokiti, su ne suka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru.

A unguwar Federal Low-Cost, wadda ta samo sunanta daga shirin gwamnatin tarayya na gidaje masu sauƙin kuɗi, al'amarin ya soma sauya salo. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci, garin ya zama hedkwata, buƙatar muhalli ba ta daina hauhawa ba. Masu gidaje sun ƙara ɗakuna, sun shigar da banɗaki ciki, sun shimfiɗa tayil, kuma ma'aikacin da ke neman haya a yau yakan tambayi ko akwai hitar bango kamar yadda yake tambayar ruwa da mita. Ga mai gidan haya da mai masaukin baƙi, wannan na'ura ta shiga cikin jarin da ake sa ran ya dawo da riba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar farashin da aka ji a shago a matsayin kuɗin aikin baki ɗaya. Alhali kuwa wannan farashi kaso ɗaya ne cikin huɗu: akwai na'urar kanta, akwai gyaran wayoyin gida, akwai aikin famfo, sannan akwai kuɗin wutar da za a riƙa biya muddin tana aiki. Na ƙarshen nan shi ne wanda ba ya ƙarewa.

Kusan dukkan hitocin da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, wasu daga Italiya, kamar samfurin Ariston da ya yi suna a ƙasar nan, mafi yawa kuma daga ƙasar Sin. Ana sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bi ta hannun dillalan kasuwar Alaba ko na Sabon Garin Kano, kafin a yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci da su zuwa Gombe. Saboda haka farashinsu a ɗaure yake da darajar Naira da kuma kuɗin mota. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ƙayyade darajar Naira, dalar da ake saya kimanin N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a cikin 2024. Makonni biyu kafin wannan mataki, a ranar 29 ga Mayu, an janye tallafin man fetur. Duk ɗan kasuwar da ya sayar da kayansa a tsohon farashi a wancan lokaci ya san yadda uwar kuɗi ke narkewa, shi ya sa lissafin da mai shago ya rubuta wa mutum a bara ba abin dogaro ba ne a bana.

Iri biyu ne suka fi yawa a shaguna. Akwai mai tanki, wadda ke tara ruwa lita 10, 15, 30, 50 har zuwa 100, ta dafa shi ta ajiye. Akwai kuma 'yar ƙarama maras tanki, mai zafafa ruwa nan take yayin da yake wucewa. Ta biyun ta fi jan hankalin mai saye domin ba ta cin wuri kuma sau da yawa ta fi araha, amma ita ce ta fi wahalar da tsohon gida. Domin a ɗaga zafin ruwan shawa mai gudun lita huɗu a minti da digiri 20, ana buƙatar ƙarfin wuta kimanin wat 5,600, wato amfiya 24 a kan bolt 230 da ake rabawa a Nijeriya. Mai wat 3,500 kuwa digiri 12 da ɗoriya kawai za ta ƙara, abin da a tsakiyar Janairu ba zai wuce ruwa mai ɗumi-ɗumi ba. Bugu da ƙari, ranar da aka ɗauke wuta da asuba ba ta da abin da ta ajiye. Mai tanki, ko da a tsakar dare aka kawo wuta na awa biyu, za ta iya riƙe zafinta har wayewar gari. A garin da ba a da tabbacin sa'ar zuwan wuta, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Batun girman tanki ma lissafi ne mai sauƙi. Ruwan da ya kai digiri 60, idan aka sirka shi da na sanyi mai digiri 20 daidai wa daida, yana ba da ruwan wanka mai digiri 40. Ke nan lita 15 za ta fitar da kimanin lita 30, abin da zai ishi mutum ɗaya ko biyu masu wanka da bokiti. Lita 50 za ta ba da bokiti biyar manya. Gidan da ke da yara shida da za su fita kafin ƙarfe bakwai, idan aka sa masa lita 15, to, uwargida ba ta rabu da murhu ba. Gidan da ake wankan jego kuwa, kwana arba'in ana tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ƙaramar hita ba ta da ta cewa a wurin.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne wajen wayoyi. An zana tsofaffin gidajen gwamnati ne a zamanin da kayan wutar iyali ba su wuce ƙwan fitila, fanka, rediyo da dutsen guga ba. Hita mai wat 1,500 tana jan abin da fankoki ashirin za su ja a lokaci guda, kuma tana ɗaukar awa guda ko fiye tana ja ba hutawa. Ƙa'idar aikin ita ce a ja mata wayarta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5, a sa mata birekarta, a kuma sa makunni mai amfiya 20 wanda ke yanke layi biyu a tare, a wajen banɗaki inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Maras tanki mai ƙarfi tana buƙatar waya mai milimita 4 ko 6. Abin da aka saba gani shi ne a ɗebo wuta daga soket mafi kusa, a binne wayar a bayan tayil. Watanni kaɗan sai a soma jin ƙaurin roba.

Ingancin wayar ma abin dubawa ne. Akwai wayoyi a kasuwa waɗanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, akwai kuma waɗanda kaurinsu bai kai abin da aka rubuta a jiki ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta ƙaddamar da tsarin SONCAP a 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su, kuma ta sha kama jabun wayoyi, amma duk da haka suna samun hanyar shiga kasuwa. Arhar da aka samu a kan waya, gida ne ke biyan ta.

Abu biyu ne ke tsakanin mai wanka da ajali idan ƙarfen da ke dafa ruwan ya tsage, wuta ta shiga cikin ruwa. Na farko wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaurawa a jikin sandar jan ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa domin ta kwashe wutar da ta ɓalle. A gidan da ya shekara talatin ko arba'in, sau da yawa sandar ta riga ta ruɓe, ko kuma an yanke wayar a lokacin wani ƙarin gini ba tare da kowa ya lura ba. Har ila yau, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, kuma ƙasa ta fi bushewa ne daidai lokacin hunturu da aka fi kunna hita. Don haka ba a wadatuwa da ganin sanda, sai an auna ta da na'ura. Na biyu shi ne bireka mai jin ɓallewar wuta, wadda ake kira RCD, mai yankewa cikin ƙiftawar ido da zarar abin da ya zurare ya kai miliamfiya 30. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa; wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ta motsa ta ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma mai gida yana da damar ya nemi ganin ta kafin ya miƙa wa mutum bangonsa.

Daga nan sai ruwa. Babbar hanyar ruwan famfon Gombe ita ce madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, amma gidaje da dama sun dogara ne ga rijiyar burtsatse ko motar tanka, a zuba a tankin ƙasa, a tura sama da injin. Wannan yana nufin ƙarfin ruwan da ke isa banɗaki ya danganta ne ga tsawon ƙarfen da aka ɗora tanki a kai. Kowace mita goma ta tsawo tana ba da kimanin ma'aunin ba ɗaya. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita uku bai wuce kashi uku cikin goma na wannan ba. Hitoci marasa tanki da yawa ba sa ko kamawa idan ruwa bai da ƙarfi, sai an ƙara ƙaramin injin turawa, wanda shi ma kuɗi ne kuma wuta yake ci.

Babban abin da ke kashe hita a irin wannan yanayi shi ne kunna ta babu ruwa a ciki. Idan tankin sama ya ƙare, ruwan cikinta ya koma baya, aka kawo wuta makunni yana kunne, ƙarfen dafawa kan ƙone cikin ɗan lokaci. Maganin wannan wani ɗan bawul ne da ake ɗaurawa a bakin shigar ruwan sanyi, wanda ke hana ruwa komawa, yake kuma fitar da shi kaɗan-kaɗan idan matsi ya yi yawa, domin ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Ɗigar da ake gani daga bakinsa alama ce ta yana aiki. Akwai masu gidan da ɗigar ke damu, su sa a toshe bakin. Ranar da abin da ke kashe wuta idan zafi ya kai ya lalace, tankin da aka toshe wa mafita yana iya fashewa da ƙarfin da zai rusa bango. Abin da ya dace shi ne a sa masa siririn tiyo ya sauka a magudana.

Farin bututun roba na PVC da aka saba ja wa ruwan sanyi ba ya jure ruwan zafi, yana laushi ya saki a mahaɗa. Koren nan na PPR da ake liƙawa da zafi shi ne na wannan aiki. Idan banɗakin an riga an gama shi da layi ɗaya, dole a fasa tayil a binne na biyu, a sauya kan famfo zuwa mai haɗa zafi da sanyi, a sake neman tayil mai kama da na da, wanda ba safai ake samu ba. A nan ne kuɗin aiki ke tashi, har wani lokaci fasawa da mayarwa su yi kafaɗa da kafaɗa da farashin ƙaramar hitar kanta. Wanda ke gini sabo, ko yake shirin gyaran banɗaki, zai yi wa kansa gata idan ya binne bututu da waya tun kafin tayil, ko da ba a shekarar zai sayi na'urar ba. Sai kuma bango: hita mai lita 50 cike da ruwa tana kai kilo 65 zuwa 70, nauyin babban mutum ke nan a rataye dare da rana. Bulo mai rami wanda siminti bai ishe shi ba ba ya riƙe wannan sai an cika ramin da kankare ko an ratsa ƙusa mai noti har bayan bangon.

Kuɗin wutar kuwa ana iya lissafa shi tun kafin a saya. Ɗaga zafin lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3, kuma hita mai wat 1,500 za ta yi shi cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Lita 30 tana cin yunit 1.4, lita 15 kuma kashi bakwai cikin goma na yunit. Gombe tana ƙarƙashin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, JED, wanda ke kula da jihohin Filato, Bauci, Binuwai da Gombe tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa N225, daga bisani a watan Yuli ya tsaya a N209.50. A kan wannan farashi na 2024, dafa lita 50 sau ɗaya ya kama kusan N490; a wata guda yunit 70, kimanin N14,600; idan safe da yamma ne, ya doshi N29,000, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Sauran rukunoni sun biya kusan sulusin wannan a shekarar, amma awoyinsu sun fi kaɗan: 16 ga B, 12 ga C, 8 ga D, 4 ga E. Layin da ke ba gida wuta shi ke nuna rukuninsa, kuma yana rubuce a takardar sayen kati.

Akwai ɓarnar da ba a gani. Hitar da aka bari a kunne dare da rana tana zubar da zafi ta jikinta, tana sake kamawa, abin da kan kai kusan yunit guda a kullum ga mai lita 50 ko da ba a buɗe famfo ba. Haka kuma idan wuta ta zo ba ƙarfi, aiki yana ja da baya fiye da yadda ake zato: a kan bolt 180, hita mai wat 1,500 tana komawa kamar mai 900, abin awa ɗaya da rabi ya zama na awa biyu da rabi. Ruwan burtsatse mai yawan ma'adinai kuma yana tara farin dutse a jikin ƙarfen dafawa, ya rage masa kuzari. A cikin tankin akwai wata sanda da aka sa musamman domin tsatsa ta ci ta a maimakon jikin tankin. Idan ta ƙare ba a sauya ba, sai tanki ya huje. Duba ta duk shekara ɗaya ko biyu ya fi sayen sabuwar hita sauƙi nesa ba kusa ba.

Wasu kan rage ma'aunin zafi zuwa digiri 40 domin tsimin wuta. Masana lafiya ba sa goyon bayan haka, saboda ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45. Digiri 60 shi ne abin da ake ba da shawara. Sai dai ruwa mai wannan zafi yana saluɓe fatar yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi, don haka a gidan yara ana fara buɗe na sanyi.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne idan akwai wutar. A watan Afrilun 2024 ɓarayin ƙarfe sun kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya yi makonni cikin duhu, a watan Oktoban shekarar kuma mafi yawan jihohin Arewa suka sake shiga irin wannan hali na kwanaki. Ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1,000 ba ya ɗaukar hita. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 kuwa, duk abin da yake ɗauke da shi bai wuce yunit 2.4 ba, dafa lita 50 sau ɗaya zai zuƙe shi ƙarƙaf.

Wannan ne ya sa hankalin masu otal da asibitoci masu zaman kansu ke komawa ga hita mai aiki da zafin rana. Ita ba ta bi ta lantarki: rana ce ke dukan bututun gilashi ko faranti, ruwan da ya yi zafi ya hau tanki da kansa. Arewacin Nijeriya yana samun ƙarfin rana kimanin yunit biyar zuwa shida a kan kowace murabba'in mita a kullum, don haka faranti mai murabba'in mita biyu zai iya zafafa lita 100 zuwa sama a rana mai haske. Isra'ila ta wajabta irin wannan hita a sababbin gidajen zama tun 1980, a nan gida kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera samfurinta. Kuɗin farko ya fi na lantarki yawa ainun, kuma tana da nata sharuɗɗa. Mai lita 150 cike da ruwa ta haura kilo 200, nauyin da rufin katako da kwano na tsohon gida bai kamata a ɗora masa ba, sai an yi mata ƙarfenta daban, tankin sanyi kuma ya kasance sama da ita. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin a daidai watannin da aka fi buƙatarta, sai an riƙa gogewa. Hita mai gas ma tana nan, kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin kusan yunit 13, amma wajibi ne a kafa ta a waje ko a fitar da hayaƙinta ta bututu, domin a rufaffen banɗaki tana iya tara iska mai guba wadda ba ta da wari.

Ga mai gidan haya akwai sauran magana guda. Inda gidaje uku ko huɗu ke kan mita ɗaya, shigowar hita ɗaki guda ya isa ya haddasa rigima a kan kuɗin kati, domin mai ita zai iya cin abin da ya fi na sauran a haɗe. Raba mita kafin a kafa na'urar ya fi zaman sulhu a ƙofar mai unguwa sauƙi. Idan kuma ɗan haya ne ya saya da kuɗinsa, ya kamata a rubuta tun farko ko zai cire ta ranar tashi, wa zai mayar da tayil ɗin da aka fasa, ko kuwa za a zabtare kuɗin daga haya ta zama ta mai gida.

Su kuwa 'yan kasuwar kayan wuta da na famfo a Gombe, cinikin hita na wata uku ne zuwa huɗu. Daga Maris, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, baƙin tankin roba da ke saman ƙarfe yana dafa ruwa da kansa har sai an jira ya huce kafin a yi wankan la'asar. A watannin nan ne kayan ke kwana a shago, masu gyaran famfo ba su da layi, kuma a lokacin ne mai saye ke da bakin yin ciniki.